Fom Ɗin da 'Yardada Ta Ajiye Shekara Goma Sha Biyu

Sunanta Sa'ida Isyaku Jafaru, amma daga Ƙofar Mazugal har zuwa Ƙofar Wambai ba wanda zai gane wadda ake nufi sai an ce 'Yardada mai sikeli. Na fara saninta a watan Maris na shekarar 2008, ranar da ta yi sallama a soron gidana da ma'aunin jarirai rataye a kafaɗarta, ta ce ta zo auna ɗan da 'yata Ma'u ta haifa. A wancan lokacin, da babban yatsa nake sa hannu a takarda, kuma ita ce ta kama mini yatsan ta dangwala shi a tawada. Abin da zai biyo baya labarinta ne, wani na gani da idona, wani ta ba ni da bakinta.

Kakanninta makiyaya ne da suka gaji da yawo suka zauna a cikin ganuwa, shanun suka ragu, suka koma cinikin fatu. Shanu sun tafi, amma ɗabi'a ba ta bi su ba. Sa'ida ita ce 'yar fari a wajen mahaifiyarta, don haka ana yaye ta aka kai ta ɗakin kakarta, wadda kowa yake kira Dada. Daga nan sunan 'Yardada ya bi ta. Mahaifiyarta ba ta taɓa faɗin sunanta ba har ta koma ga Allah. In za ta aike ta sai ta ce wa ƙannenta, "Ku ce wa waccan ta zo." Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yaba ta, in aka yabe ta a gabanta sai ta kawar da kai kamar maganar wata ake yi.

Amma tana shekara shida ƙyanda ta kwantar da ita. Wata rana da hantsi ta buɗe ido ta ga mahaifiyarta zaune wajen ƙafafunta da mahuci, tana yi mata fifita, bakinta yana motsi da addu'a, hawaye na ɗiga a zaninta. Da aka ji takun Dada a tsakar gida, sai uwar ta yi zumbur ta miƙe, ta shiga lalube a bayan gado, ta ce allura ta zo nema. Kwana tara tana zuwa neman allurar nan. 'Yardada ta tashi daga ciwon da sanin abu guda wanda ba ta taɓa shakkarsa ba: akwai ƙaunar da ba ta fitowa in akwai mai kallo.

Ta gama firamare, ta yi kwas na mataimakan asibiti, ta yi aure, ta haifi huɗu, mijin ya rasu. Shekara goma sha ɗaya tana awon jarirai a wani ƙaramin asibitin unguwa. Hannunta ya saba har ta kai in ta ɗaga jariri za ta faɗi nauyinsa kafin allurar sikeli ta tsaya, kuma da wuya ta kuskure.

A shekarar 2007 aka buɗe wata cibiya ta nazarin girman yara a bakin ganuwa. Aikinta bin diddigin yadda yara suke tasowa, da rubuta abin da aka gano a mujallun masana. Mai jagorantar binciken wani matashin likita ne, Dokta Abdulhakeem Salisu, ɗan cikin birni, wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a ƙasar waje ba. Ya ɗauki mata shida masu shiga gida-gida, kowacce da unguwarta. Ƙofar Mazugal ta faɗo a hannun 'Yardada ita kaɗai.

Ban da awo, akwai wani fom da Dokta ya zo da shi, mai tambaya goma. Ma'aikaciya za ta zauna rabin awa tana kallon uwa da ɗanta, ta ba da maki ɗaya ga kowane abu da ta gani. Shin uwar ta kira sunan yaron? Ta dubi fuskarsa? Ta ɗauke shi ba tare da ya yi kuka ba? Ta yabe shi a gaban baƙuwa? Ta ba da labarinsa? Haka har goma. Wadda ta samu ƙasa da uku, fom ɗin ya ce uwa ce marar kula da ɗanta.

'Yardada ta karanta fom ɗin sau biyu, ta san inda zai yi tuntuɓe. Sai ta yi aikin yadda ta iya. In ta shiga gidan mai ɗan fari ba ta fito da takarda. Za ta ajiye jaka, ta zauna wajen tsohuwar gidan, ta ja faranti ta taya gyaran zogale ko tsinar shinkafa, ta yi hira har a manta baƙuwa ce. Wani lokaci takan yi sallama ta fita, ta dawo bayan minti biyar ta ce ta manta mayafi. A nan take ganin abin da ta zo gani: uwa ta sunkuya tana taɓa maɗigar yaro, tana yi masa waƙa ƙasa-ƙasa, tana kiransa da wani sunan wasa da ba wanda ya sani sai su biyu. Abin da ta gani a lokacin shi take ba wa maki. Ma'u ta samu takwas a hannunta.

A shekarar 2010 Dokta ya so ya tabbatar da aikin ma'aikatansa, sai ya aika ɗalibai mata biyu da fararen riguna da kyamara, suka bi wasu gidajen suna ɗaukar bidiyo. Bayan mako biyu aka kira 'Yardada ofis. Ta tarar da shi da tarin takardunta a gefe, kwamfuta a buɗe.

"Malama Sa'ida, wannan matar kin ba ta takwas. Ga bidiyonta. Rabin awa cur, ko sau ɗaya ba ta kalli yaron ba."

Ta leƙa. Ma'u ce, ta ja lulluɓi har goshi, ta juya wa yaron gefe.

"Dokta, ɗan fari ne."

"Fom bai tambayi na fari ne ko na ƙarshe ba."

"To fom ɗin ne bai san gari ba. Ka aika baƙi da farar riga sun kafa mata ƙarfe mai ido ɗaya a tsakar ɗaki, ga uwarta zaune, ga surukarta ta zo dubiya. Ko ɗan auta ne sai ta sunkuyar da kai, balle na fari."

"Kimiyya abin da aka gani take rubutawa."

"Ni ma abin da na gani na rubuta. Na fi su daɗewa ina kallo ne kawai."

Ya jera mata fom talatin da bakwai, duk na masu 'ya'yan fari, duk makinta ya yi sama, na kyamara ya yi ƙasa. Ta ce masa, "Kai ɗan garin nan ne, Dokta. Ba sai na koya maka alkunya ba." Ya cire tabarau ya goge, ya ce al'ada ba uzuri ba ce, kuma masana na duniya ba za su karɓi sakamakon da aka samu wajen gyaran zogale ba. Ya ce mata ta amsa cewa a soro ta zauna ta cike takardun, sai a rufe maganar a tsakaninsu. Ta ce ba za ta amsa abin da ba ta yi ba.

Washegari aka manna takardar sallamarta a allon sanarwa na cibiyar, inda kowa yake wucewa, da dalilin a rubuce: ƙirƙirar bayanai. Ta tsaya ta karanta ta har ƙarshe. Ta mayar da sikelin ta karɓi shaidar ta mayar. A kan hanyar fita ta ɗauki fom guda wanda ba a cike ba daga kan teburin sakatare, ta naɗe shi huɗu. Da ta isa gida ta buɗe kwallar da take ajiye zannuwan fita, ta sa shi a can ƙasa. Ba ta san ranar da za ta yi amfani da shi ba, amma ta san da shi aka yanke ta, kuma da shi za ta rama.

Maƙalar ta fito a shekarar 2011 a wata mujallar ƙasar waje. Ta bayyana cewa matan cikin birnin Kano ba sa kula da 'ya'yansu na fari, kuma irin waɗannan yara suna cikin haɗarin jinkirin magana da nauyin fahimta. 'Yardada ta sa an bugo mata a shagon kwamfuta, ta zauna da ƙamus kwana uku tana bi layi-layi. A shafi na huɗu ta iske jumlar da ta zama mata ƙaya a maƙogwaro: an cire bayanan ma'aikaciya guda ta Ƙofar Mazugal bayan an tabbatar ta ƙirƙire su. Ba a faɗi suna ba. Ba a bukatar a faɗa, domin ma'aikaciya ɗaya ce a unguwar.

Asibitin da ta baro ya ƙi karɓarta. Wani ma da ta nema, da jin sunanta aka ce gurbi ya cika. Ta koma wankan jego da karɓar haihuwa a gidaje. Mata sun san ta, ba su guje ta ba, amma bakin mutane ba ya hutawa. Wata maƙwabciyarta ta taɓa ce mata a gidan biki, "'Yardada, ɗaga mini yaron nan ki faɗi nauyinsa, ko sai kin je soro kin ƙirƙiro?" Aka yi dariya. Ita ma ta yi murmushi, ta faɗi nauyin, ta koma gida ta buɗe kwalla ta duba fom ɗin yana nan.

Maƙalar kuwa ta yi farin jini. Masana a ƙasashen da 'Yardada ba ta taɓa jin sunansu ba suka riƙa kafa hujja da ita a rubuce-rubucensu. A wajen masu bincike wannan shi ne ma'aunin daraja: sau nawa aka ambaci aikinka. Da wannan ambato Dokta ya zama Farfesa, daga baya ya zama daraktan cibiyar. Duk ƙarshen shekara cibiyar tana fitar da rahoto, takarda kaza muka buga, sau kaza aka ambace mu. 'Yardada ba ta taɓa barin rahoton ya wuce ta ba. Ɗari da ashirin. Ɗari uku. Ɗari biyar da hamsin. Su a wajensu kowane ambato ƙarin girma ne. Ita a wajenta kowane ambato wani baƙo ne a wata ƙasa ya sake buɗe shafi na huɗu ya karanta cewa ita maƙaryaciya ce.

Ta rubuta wa cibiyar wasiƙa uku, ba a amsa ko ɗaya ba. Ta rubuta wa mujallar, aka amsa da ladabi, aka tambaye ta jami'ar da take aiki da kuma hujjarta. Ba ta da jami'a, takardunta kuma suna hannun wanda take ƙara. 'Yan'uwa suka ce ta bar wa Allah. Ta ce, "Na bar wa Allah nasa. Sunana kuwa aro ya ba ni in riƙe, ba zan mayar masa da shi da datti ba."

Shekara goma ta wuce a haka. A shekarar 2020 aka kira ta wankan jego a wani gida a Ƙofar Dawanau. Ranar suna tana zaune cikin mata sai wata yarinya ta shigo ta durƙusa gaban wata tsohuwa mai kamala, ta ce, "Hajiya, Farfesa ya aiko da rago." Tsohuwar ta kawar da kai ta dubi bango, ta ce, "To. A ce wa Yayansu an gani." 'Yardada ta san wannan juya kan, da shi ta girma. Ta karkata ta tambayi ta kusa da ita wace ce. Aka ce ai Hajiya Nana Hauwa ce, mahaifiyar Farfesa Abdulhakeem na cibiyar yara, shi ne ɗanta na fari.

Ta ce a lokacin sai da ta ajiye kwanon da yake hannunta. Ba ta ci abincin sunan ba. Ta matsa kusa da tsohuwar, ta gaishe ta, ta lura da yadda take miƙe ƙafa da ƙyar, ta ce ta iya tausa.

Shekara biyu tana zuwa gidan duk Litinin da Alhamis, da man zafi a jaka. Ta tausa gwiwa, ta yanke farce, ta yi tsifa, ta dafa kunun da tsohuwar take so. Ba ta taɓa faɗin cewa ta yi aiki a cibiyar ba, kuma ta san ranakun da Farfesa yake zuwa gaisuwa, ba ta taɓa bari sun haɗu ba. Hajiya ta saba da ita har takan aika a dubo ta in ta makara. Wata Alhamis tsohuwar ta sa ta sakaya ƙofa, ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai hular jarirai ta saƙa wadda ta koɗe, da ƙaramin allo, da hotunan Farfesa da aka yanko daga jaridu shekara da shekaru, an jera su an danne da sabulu. Hajiya ba ta karatun boko. Jikoki take sa wa su nuna mata shafin da yake, sai ta jira sun fita ta yanke.

"Bai sani ba," in ji ta. "Kada ki faɗa."

'Yardada ta ce zuciyarta ta yi laushi a wannan yammacin har ta kai ta yi tunanin janyewa. Ta fito ta bi lungu tana tuna mahaifiyarta da allurar da ba a taɓa samu ba. Amma kafin ta isa Mazugal ta tuna cewa mutumin da aka ajiye wa hular nan shekara hamsin shi ne ya rubuta wa duniya cewa irin uwarsa ba sa ƙaunar 'ya'yansu, kuma ya san ba haka ba ne. Laushin ya tafi.

A watan Nuwamba na 2022 cibiyar ta shirya bikin cika shekara goma sha biyar. Jami'ar da take kula da ita ta naɗa kwamiti ya zo ya auna amfanin bincikenta, ƙarƙashin wata dattijuwar malama, Farfesa Sumayya. An gayyaci masu unguwanni da iyayen yaran da aka yi binciken a kansu. Saura mako guda 'Yardada ta je gidan Hajiya da maƙalar, ta fassara mata shafin ƙarshe da Hausa, kalma bayan kalma, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Tsohuwar ta saurara har ƙarshe. Can ta ce, "Shi ya rubuta?"

"Ga sunansa a sama, Hajiya."

"Ki kai ni in ji da kunnena."

Hajiya Nana Hauwa ba ta taɓa halartar wani taro na ɗanta ba, ko ranar da ya gama jami'a, ko ranar ɗaurin aurensa ba ta fito daga ɗaki ba. 'Yardada ta ce mata za su zauna a baya ne su saurara. Ba ta gaya mata cewa ta buɗe kwallarta ta ciro fom ba.

Ranar taron, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, zauren ya cika. Ina cikin iyayen da aka gayyata, a layi na biyar. Farfesa ya yi kusan awa guda yana jawabi, alƙaluma suna fitowa a farin allo: takardu sittin da huɗu, ɗalibai ashirin da suka yi digirin ƙoli, da maƙalar 'ya'yan fari wadda aka ambata sau ɗari tara da goma sha biyu. Aka tafa. Shugabar kwamiti ta ce ko akwai mai magana daga cikin jama'ar unguwa.

'Yardada ta miƙe daga baya. Ta tako har tsakiya kafin a miƙa mata abin magana.

"Ranki ya daɗe, sunana Sa'ida Isyaku Jafaru. Ni ce ta shafi na huɗu, wadda aka ce ta ƙirƙiri bayanai. An ce ban iya cika fom ba. Ina roƙon minti biyar in cika guda ɗaya a gabanku, yadda Farfesa ya koyar, ku gani ko na koya."

Wani ma'aikaci ya taso zai karɓe abin maganar. Farfesa Sumayya ta ɗaga masa hannu. "Bar ta. Wa za ki auna, Malama?"

"Uwa da ɗanta na fari. Duk suna nan."

Ta juya ta nuna kujerar baya. A lokacin ne Farfesa Abdulhakeem ya ga mahaifiyarsa. Ya yunƙura zai tashi, ya tsaya a tsakani, bai miƙe ba bai zauna ba.

'Yardada ta warware takardar, wadda ta yi ja-ja a wuraren naɗi. "Tambaya ta ɗaya. Shin uwa ta kira sunan ɗanta? Hajiya, yaya sunan mai jawabin nan?"

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ke 'Yardada, ba ki da kunya?"

Matan unguwa suka fashe da dariya, domin kowacce ta san amsar da za ta bayar ke nan.

"Sifiri. Ta biyu, shin ta dubi fuskarsa? Hajiya, ga shi can da babbar riga, ɗan dube shi."

Hajiya ta dubi takalmanta.

"Sifiri. Ta uku, shin ta yabe shi a gaban baƙi? Hajiya, an ambace shi sau ɗari tara, me za ki ce?"

"Allah ya shirya zuriya baki ɗaya."

"Ba yabo ba ne wannan, addu'ar kowa da kowa ce. Sifiri."

Haka ta bi su har goma, ba ta yi sauri ba, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Dariyar ta ragu tun a ta biyar, kafin ta takwas ba a jin komai sai fanka. Ta ɗaga takardar sama.

"Sifiri cikin goma. Bisa maƙalarka, Farfesa, wannan uwa ba ta kula da ɗanta, kuma ɗan yana cikin haɗarin jinkirin magana da nauyin fahimta. Jinkirin magana dai mun ga awa guda ka yi ba ka tsaya ba. To zaɓi ɗaya a gaban mutanen nan. Ko dai Hajiya ba ta ƙaunarka, ko kuwa ni ban yi ƙarya ba."

Hajiya Nana Hauwa ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar, ta nufi ƙofa. Da ta zo daidai wata ma'aikaciya da take tsaye a bakin ƙofar, ba ta waiwaya ba, ba ta ɗaga murya ba, amma shirun zauren ya sa kowa ya ji. Ta ce, "A ba Yayansu ruwa. Muryarsa ta dushe tun ɗazu." Ta fita.

'Yardada ta bari maganar ta zauna. Sannan ta ce, "Irin wannan nake ba wa maki, Farfesa. Fom ɗinka ba shi da gurbinsa."

Ya zauna. Ya cire tabarau, wannan karon bai goge ba. Ya ce, "Ba ki yi ƙarya ba."

"Na baya ba su ji ba. Ga abin magana."

Ya karɓa ya maimaita, lasifika ta kai maganar har waje.

"Na gode. Amma a rubuce aka ce na yi ƙarya, a rubuce za a ce ban yi ba. A mujallar da aka faɗa, kuma wannan karon da sunana cikakke."

Farfesa Sumayya ta riga ta fara rubutu. Kwamitinta ya sa aka ciro fom talatin da bakwai na 'Yardada daga ma'ajiya, aka nemo yaran, waɗanda a lokacin duk sun shiga sakandare, ciki har da jikana. Rahoton kwamitin ya wajabta wa cibiyar ta aika gyara. Wata goma sha huɗu aka yi ana kai da kawo. A watan Janairu na 2024 gyaran ya fito, layi shida. Ya ce ma'aunin da aka yi amfani da shi bai dace da al'adar alkunyar ɗan fari ba, sakamakon ba abin dogaro ba ne, kuma Sa'ida Isyaku Jafaru ba ta ƙirƙiri komai ba. Farfesa bai rasa kujerarsa ba, amma daga rahoton shekarar aka daina sa maƙalar a shafin farko.

Litinin ɗin da ta biyo bayan taron 'Yardada ta je Ƙofar Dawanau da man zafinta kamar kullum. Hajiya ba ta bari ta wuce bakin ɗaki ba. Ta ce, "Shekara biyu kina tausa mini ƙafa, ashe kasuwa kike shirin kai ni. Kin sa na tsaya a gaban ɗana mutane suna dariya. Gaskiyarki ce, amma da ni kika saye ta. Kada ki dawo." Ba ta sake komawa ba. Da na tambaye ta ko ta yi nadama, sai ta ce, "Na zalunci tsohuwar nan, Malam, kuma na roƙi Allah gafara a kanta. Amma da za a mayar da ni ranar, tambaya goman nan zan sake yi, ba zan rage ɗaya ba."

Wani zai zaci ta huta ke nan. Ba ta huta ba. Ta gano cewa gyaran sau bakwai kacal aka ambace shi, tsohuwar maƙalar kuwa har yanzu ana kafa hujja da ita, domin masu ambato ba sa komawa su duba. Sai ta sa mai shagon kwamfuta ya bugo mata jerin duk waɗanda suka taɓa ambaton maƙalar. Duk Asabar takan je ta aika wa mutum goma gyaran, da layi ɗaya a ƙasa: ni ce ta shafi na huɗu. Wanda ta aika wa sai ta ja masa layi da jan biro.

Da idonta ya fara rauni, ta yanke shawarar komawa Bichi wajen 'yarta ta fari, wadda a duk shekarun nan ban taɓa jin ta faɗi sunanta ba. Na je yi mata sallama na tarar an ɗaure kaya, kwallar tana sama. Jerin sunayen yana hannunta, ba ta yarda a sa shi cikin kaya ba. Ta nuna mini inda jan layin ya tsaya, ta ce saura ɗari biyar da saba'in da biyu, ban da sababbi, kuma ta riga ta tambaya, akwai shagon kwamfuta kusa da gidan waccan.

Ganina da ita na ƙarshe ke nan, ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025.